Cin abinci a birnin Taipei: abin da baƙo daga Damagaram zai nema da abin da zai ƙyale

Ɗan kasuwar Damagaram da sana'ar kayan kwamfuta da na wayar salula ta kai shi Taipei, babban birnin tsibirin Taiwan, musamman a lokacin baje kolin Computex da ake yi a ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, zai tarar da gari mai yalwar abinci, inda kowane lungu akwai tukunya bisa wuta, farashi bai wuce hankali ba, tsafta kuma ba ta da abin zargi. Wahalar Musulmi a wannan birni ɗaya ce, wato sanin abin da aka zuba cikin tukunyar. Hukuncina bayan na zagaya gidajen abincinsu da kasuwanninsu na dare shi ne, nama a neme shi wurin Musulmin ƙasar kaɗai, kasuwar dare kuwa a je ta domin kayan zaƙi, kuma a kayan zaƙin ne mutanen Taiwan suka fi burge ni.

Alade shi ne naman yau da kullum a tsibirin, kuma ba a cikin tsoka kawai yake zuwa ba. Abincin da talaka da mai kuɗi suke ci kusan kullum, wanda suke kira lu rou fan, shinkafa ce da aka zuba wa daƙaƙƙen naman alade mai kitse, wannan kam ido yana gani, mutum ya kauce. Abin da ido ba ya gani shi ne man alade da wasu ke murza ƙullin fulawa da shi kafin su soya waina mai albasa, ko soyayyar albasar da ake barbaɗawa kan ganye da miya, ko romon ƙashi da ake dafa taliyar da aka ce ta kifi ce ko ta kayan lambu. Sai kuma giyar shinkafa, wadda take a ɗakin girkinsu kamar sauran kayan ɗanɗano. Shahararriyar kazarsu da ake kira mai kofi uku ta samo sunanta ne daga abubuwa uku da ake dafa ta da su: man riɗi, da baƙin ruwan waken suya mai gishiri, da giyar shinkafa. Saboda haka ganin kaza ko kifi a faranti bai isa ya kwantar wa mutum da hankali ba, ko da an ajiye maganar yanka a gefe.

A wata rumfa ta kasuwar dare, dattijon da muka yi tafiyar tare ya tsaya yana kallon wani abu baƙi mai kusurwa huɗu da aka soke a tsinke, mai sayarwa yana tsoma shi cikin miya, yana mulmula shi cikin garin gyaɗa, sannan ya yayyafa ɗanyen ganye a kai. Ya juyo ya ce mini, "Malam, ashe su ma suna yin tsire?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a wuce, wannan jinin alade ne aka cuɗa da shinkafa mai danƙo aka turara." Mai rumfar bai ɓoye komai ba, da aka nuna masa tambaya a rubuce cikin harshensu sai ya kaɗa hannu yana nuna kada mu saya. Wannan hali na gan shi wurin masu sayarwa da yawa, kuma ya cancanci yabo: idan aka tambaye su suna faɗin gaskiya ko da za su rasa ciniki. Amma sai an tambaya, kuma da yake akasarinsu ba su jin Faransanci, Turancinsu ma kaɗan ne, ya kamata baƙo ya sa ma'aikacin otel ya rubuta masa a takarda cewa ba ya cin alade, ba ya cin mansa, ba ya shan giya ko abin da aka dafa da ita.

Gidan abincin da na fi komawa na Musulmin Sin ne a unguwar Da'an, unguwar da Babban Masallacin Taipei yake, wanda aka buɗe a shekarar 1960 daura da babban lambun shaƙatawa na unguwar. Yawancin tsoffin iyalan Musulmi na birnin sun ƙetaro ne daga babban yankin Sin a wajajen 1949 tare da sojoji da ma'aikatan gwamnatin Kuomintang, jam'iyyar da ta mulki Sin kafin lokacin, kuma wasu daga cikinsu suka kama sana'ar taliya da naman shanu. A ƙofar irin waɗannan gidaje ana ganin haruffa biyu, 清真, waɗanda ke nuna abincin Musulmi ne, a bango kuma sau da yawa akwai takardar shaidar halal daga Ƙungiyar Musulmin Sin da ke Taipei. Yana da kyau mutum ya ajiye hoton haruffan nan a wayarsa.

Taliya da romon naman shanu ita ce abin da ake zuwa ci, kuma iri biyu ake yi. Akwai mai farin romo, wanda aka dafa ƙashi da nama a cikinsa tsawon sa'o'i ana kwashe kumfa da kitse har ya zama garau, ana hango taliyar a ƙasan kwano. Akwai kuma mai jan romo, wanda aka sa wa ruwan waken suya da citta da tafarnuwa da kayan ƙamshi da ɗan yaji. Na fi son farin, ko da yake da farko ɗan Damagaram zai ji kamar an manta da gishiri da barkono. Sai an kurɓa cokali uku ko huɗu ake gane cewa ɗanɗanon naman ne kansa ya fito ba tare da wani abu ya danne shi ba. Naman an yanka shi da kauri, da jijiya a tsakiya wadda ta dahu har ta yi laushi tana narkewa a baki, kuma wanda ya saba jefar da jijiya a gida zai canza ra'ayi a nan. Taliyar tana da ƙarfi a haƙori, ba ta lugwigwita ba, a saman romon kuma akwai yankakken ganyen albasa, sannan a kan tebur an ajiye tsamammen ganye da man barkono ga mai son ƙari. Ban da taliya, suna yin wata gurasa mai laushi mai falle-falle wadda ake gasawa a kasko a bakin ƙofa, a naɗe soyayyen nama siri-siri da ɗanyar albasa a cikinta a ci da hannu. Wannan ita ce ta fi shiga ran Alhaji, domin ba ta buƙatar tsinkayen cin abincin nan biyu da ya ƙi yarda da su sam.

Wani abin sha'awa shi ne cin naman shanu ba tsohuwar al'ada ba ce a Taiwan. Manoman tsibirin sun daɗe suna ƙyamar cin naman bijimin da ya yi musu huɗa, har yau ma akwai tsofaffin da ba su taɓa shi, kuma sai bayan zuwan mutanen babban yanki ne taliyar naman shanu ta bazu har ta zama abin alfaharin birnin, wanda hukumar Taipei ta fara shirya wa biki na musamman a 2005.

Gidan abincin nan na Da'an yana da nasa aibi. Wurin ƙarami ne, layi yana kaiwa waje da tsakar rana, kuma ana haɗa baƙo tebur ɗaya da mutanen da bai sani ba, ana kuma sa ran da ya gama ya tashi ya ba wani wuri, don haka mai son zama a yi hira bayan cin abinci ba zai sami yadda yake so ba. Suna rufewa tsakanin abincin rana da na dare, wanda ya fito daga masallaci bayan La'asar da yunwa zai iske ƙofa a kulle. Takardar da ake zaɓen abinci a kai da rubutun Sin take, ana sa alama da alƙalami, sai dai ma'aikatan suna da haƙurin nuna hoto. Naman da ke cikin kwano ɗaya ba zai ƙosar da wanda ya saba da balangu ba, gara a yi odar ƙarin faranti. Kwanon taliya yana kamawa wajen dalar Taiwan 200, kusan jaka huɗu ke nan a kuɗinmu na sefa, farashin da ya yi daidai da abin da aka ba mutum idan aka duba tsadar birnin.

Idan gidan Musulmi ya yi nisa, akwai mafita biyu. A kewayen babbar tashar jirgin ƙasa ta Taipei akwai ƙananan shagunan ƴan Indonesiya, waɗanda ke aiki a ƙasar da yawan gaske kuma akasarinsu Musulmi ne, suna sayar da shinkafa da kaza da miya mai yaji sosai, ranar Lahadi kuwa wurin cika yake maƙil. Ta biyu ita ce gidajen abincin mabiya addinin Buda da ba su cin nama, masu alamar 素 a ƙofa, inda mutum ke ɗiban abin da yake so a ɗora a sikeli ya biya gwargwadon nauyi. Abincin yana da tsafta da araha, sai dai masu tsananin riƙo da ƙa'ida a cikinsu ba su sa albasa da tafarnuwa, don haka bakin da ya saba da miyar gida zai ji shi salam.

Cikin kasuwannin dare, Shilin ce ta fi girma da suna, amma na fi jin daɗin Ningxia da ke gundumar Datong, domin layi ɗaya ce miƙaƙƙiya wadda ake iya ƙarewa cikin ɗan lokaci, kuma kusan duk rumfunanta na abinci ne. Tana ci daga yamma har bayan tsakar dare. Tun kafin a shiga hanci ke cin karo da warin awarar da suke jiƙawa cikin ruwan tsami har ta ruɓa kafin a soya. Warin yana da ƙarfi ƙwarai, ɗanɗanon kuwa bai kai warin tsanani ba, bayanta rumus cikinta laushi, ana cin ta da tsamammen kabeji da barkono. Na ci a rumfar da ke da alamar marasa cin nama, ban ƙi ta ba, amma ba zan ce wani ya ɓata kuɗinsa a kai ba idan ransa bai kwanta ba. Cunkoso ya yi yawa, wurin zama kaɗan ne, kwandon shara ma sai an nema, mutum yakan yi ta yawo da kofi a hannu.

Kayan zaƙin Taiwan kusan duka daga irin abubuwan da ke jibge a Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis ake yin su: waken suya, da gyaɗa, da rogo, da gwaza, da dankali, da wake, da mangwaro. Ba su dogara da mai da ƙwai ba, sukarin ma da sauƙi suke sa shi, duk da cewa tsibirin ya yi suna wajen noman rake a zamanin mulkin Japan daga 1895 zuwa 1945. Wanda na ɗora a sama da kowa shi ne douhua. Awara ce, amma ba a matse ta ba, an bar ta ta daskare a cikin babban bokiti tana rawa. Tsohuwar da na fi saye a wurinta tana riƙe da wani faffaɗan ludayi marar zurfi, tana shafto awarar falle-falle daga sama ba tare da ta farfasa ta ba, ta jera a kwano, ta zuba ruwan sukari mai launin ƙasa da aka dafa da citta, sannan ta ɗora gyaɗar da aka dafa har ta yi fari tana nan da siffarta amma harshe kaɗai ya isa ya murƙushe ta. Ana sha da zafi ko da ƙanƙara. Babu mai a ciki, babu nauyi a ciki bayan an gama, kuɗinsa kuma bai wuce jaka ɗaya ba. Mu da muka san awara a soye da yaji kaɗai, ganin an mayar da ita abin sha mai sanyi ya sa na yi ta tunanin matan unguwarmu masu sana'arta, waɗanda suke da duk kayan da ake buƙata a gabansu, kuma a zafin watan Afrilu na Damagaram ban ga abin da zai hana kwanon nan samun kasuwa ba.

Na biyu shi ne ƙanƙarar mangwaro, wadda titin Yongkang ya shahara da ita. Ana daskarar da madara ko ruwan mangwaro ya zama dunƙule, inji ya kankare shi siri-siri har ya taru ya yi tudu mai laushi, a zuba yankakken mangwaro a kewaye, a kwarara madarar gwangwani mai kauri, a ɗora curin askirim a sama. Mangwaron da suka fi ji da shi shi ne Irwin mai jan baya, wanda aka kawo irinsa daga Florida ta Amurka a shekarun 1950, ake kuma nomansa sosai a Yujing da ke yankin Tainan a kudu. Ba shi da zare ko kaɗan, ƙamshinsa yana da ƙarfi. Lokacin baje kolin ya dace da shigowar kakarsa, wanda ya je da sanyin hunturu kuwa mai yiwuwa daskararre za a ba shi, kuma bambancin a bayyane yake. Kwanon yana da girma, mutum biyu sun isa su raba, farashinsa ya kai na taliyar nama ko ya ɗara. A wani shago da masu yawon buɗe ido suka cika, madarar ta yi yawa har ta rufe ɗanɗanon mangwaron, ga layi mai tsawo, alhali wani ƙaramin shago a lungun baya ya ba mu wanda ya fi shi a kuɗi ƙasa da haka. Tsawon layi a wannan titi ba ya nuna inda daɗi yake.

Shayin madara mai ƙwallaye, wanda ya bazu duniya, a Taiwan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kuma gidajen shayi biyu ne ke jayayya kan wanda ya fara, Chun Shui Tang na birnin Taichung da Hanlin na Tainan. Baƙaƙen ƙwallayen da ke kwance a ƙasan kofi daga sitacin rogo ake murza su, a dafa su da jan sukari, a zuƙo su ta faffaɗan bututun roba a tauna. Tsarin sayarwar ya burge ni: ana tambayar mai saye yawan sukarin da yake so, cikakke ko rabi ko kaɗan ko babu, haka ma ƙanƙara, sannan inji ya like bakin kofin da leda yadda ba zai zube ba. Rabin sukari ya ishe ni, domin a cikakke shayin kansa ɓacewa yake. Ƙwallayen suna da daɗi ne idan sabon dahuwa ne, masu taushi a waje da ɗan danƙo a ciki, idan suka daɗe cikin sanyi sai su taurare. A ganina sunan wannan shayi ya fi daɗinsa, ko da yake ya cancanci a gwada, a kuma kula da yara da tsofaffi kada ƙwallo ya sarƙe su. A tuna kuma cewa an hana ci da sha a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Taipei da tashoshinsa da zarar an wuce shingen biyan kuɗi, ko da ruwa ne, kuma tarar tana farawa daga dalar Taiwan 1,500.

Akwai wani abu mai launin zuma da ake kira aiyu, wanda ya fi komai kashe ƙishi a zafin Taipei mai gumi. Daga ƙwayoyin wani irin ɓaure na duwatsun tsibirin ake samun shi: a zuba su cikin ƙyalle, a yi ta murzawa a cikin ruwa, sai ruwan ya daskare da kansa ba tare da an sa masa komai daga dabba ba, a yanka a zuba lemun tsami da ruwan sukari. Wannan ya sa hankalin Musulmi ke kwanciya da shi fiye da sauran abubuwa masu santsi na cikin roba da ake sayarwa a kanti, waɗanda sai an karanta abin da ke jikinsu. A garin Jiufen, tsohon garin haƙar zinariya da ke kan tudu a gabashin Taipei, ana yin curi-curin gwaza da dankali da aka kwaɓa da sitaci, a dafa a zuba cikin ruwan zaƙi da jan wake. Suna da daɗi, sai dai matsatsin titin garin ranar hutu ya kusa ɓata tafiyar, gara a je a tsakiyar mako. Wanda ban iya sabawa da shi ba shi ne askirim da ake naɗewa cikin siririyar waina tare da kankararriyar alewar gyaɗa da ɗanyen ganyen koriyanda. Gyaɗar da askirim ɗin sun dace da juna, ganyen ne ya tsaya mini a wuya, amma ana iya cewa kada a sa.

Game da tsaraba, abin da kowa ke saye shi ne ƙaramin kek ɗin abarba mai kusurwa huɗu, kowane ɗaya a cikin takardarsa. Tsohon salo ana haɗa abarbar da wani irin kabewa don rage tsami, sabon salo kuwa abarba ce zalla mai zare da ɗan tsami, kuma shi na fi so. A da da man alade ake kwaɓa ɓawon, yanzu manyan gidaje da yawa sun koma man shanu, duk da haka a tambaya, ko a nemi kwalin da ke da tambarin halal, domin akwai su. A duba kwanan watan lalacewa da kyau, saboda masu kyan ba su daɗewa, hanyar gida kuma doguwa ce: jirgi zuwa Istanbul, wani zuwa Yamai, sannan kusan kilomita 900 a mota cikin zafi kafin a iso Damagaram, kuma kek ɗin yana farfashewa idan aka danne shi a ƙasan akwati. Ganyen shayin oolong na tsaunin Alishan ya fi jure tafiya, ba shi da nauyi, yana zuwa a matse cikin leda marar iska. Sai dai a gaya wa wanda aka kawo wa cewa ba a tafasa shi a buta bisa gawayi da sukari kamar yadda muke yi wa namu, ruwan zafi ake zuba masa a bar shi kamar minti ɗaya a tsiyaye, kuma ganye ɗaya yana ɗaukar zubi huɗu ko biyar kafin ƙamshinsa ya ƙare.